Daga Safara Zuwa Safari: Tarihin Dajin Rugu Da Kyamara Ba Ta Ɗauka Ba

Mai karatu, a ce yau Allah Ya hore maka 'yan kuɗi da hutun wata guda, aka ce ka zaɓi inda za ka je yawon buɗe ido a cikin Afrika, ina za ka nufa? Na tabbata kafin a rufe baki za ka ce Kenya, ko Tanzaniya, ko Afrika ta Kudu. In aka tambaye ka dalili, za ka ce ai can ne ake ganin zaki da giwa da raƙumin dawa suna yawo abinsu, Turawa na bin su a buɗaɗɗiyar mota suna ɗaukar hoto. To amma nahiyar nan ƙasashe 54 gare ta, faɗinta kuma ya kai murabba'in kilomita miliyan 30. Akwai hamada, akwai kurmi, akwai tsaunuka masu ƙanƙara, akwai birane masu shekaru dubbai. Yaya aka yi ƙasashe uku kacal suka cika mana ido? Amsar dai ita ce kyamara ce ta yi mana zaɓin tun kafin a haife mu. Kuma a nan kusa da mu, a yammacin Jihar Katsina, akwai wani daji wanda tarihinsa bai gaza na waɗancan ba, amma har yau ba wanda ya ɗora shi a faifai yadda ya kamata. Dajin Rugu nake nufi, wanda ya lulluɓe yammacin Batsari da Safana.

SAFARI DA SAFARA

Bari mu fara da ita kanta kalmar. “Safari” kalmar Suwahili ce, su kuma daga Larabci suka aro ta, wato “safar”, tafiya. Daga wannan tushen ne mu ma muka sami “safara”. Ka ga kenan uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. A bakin Basuwahile na da, safari na nufin ayarin fatake da ke tasowa daga bakin teku su kutsa cikin ƙasa neman hauren giwa, kamar dai yadda namu fataken ke safarar goro daga Gwanja ko gishiri daga Bilma. Zuwan Turawa ne ya juya ma'anar ta koma tafiyar farauta, daga baya kuma ta koma tafiyar kallon namun daji.

Wanda ya fi kowa yayata wannan sabuwar ma'ana shi ne tsohon shugaban Amurka, Theodore Roosevelt. Yana sauka daga mulki a 1909 ya nufi Afrika ta Gabas, ya yi kusan shekara guda yana farauta, inda shi da ɗansa suka harbe manyan namun daji 512. Jaridun duniya suka yi ta buga hotunan. Daga nan sai 'yan fim ɗin Amurka suka ga kasuwa. Aka yi “King Solomon's Mines” a 1950, aka yi “Mogambo” a 1953, sannan a 1962 John Wayne ya fito a “Hatari!” wanda aka ɗauka a Tanganyika. Shi ma wannan sunan ɗan'uwan kalmarmu ne, domin “hatari” da Suwahili shi ne haɗari. Bayansu “Born Free” ya zo a 1966, “Out of Africa” kuma a 1985, wanda ya lashe kyautar Oska har guda bakwai. Ko yaranmu da suka tashi da katun ɗin “The Lion King” na 1994, filayen Afrika ta Gabas aka zana masu.

Abin da waɗannan finafinai ba su cika faɗa ba shi ne, wancan fili da ake nunowa fetal babu kowa sai dabbobi, da can akwai mutane a cikinsa. Annobar shanu ta wajen 1890, wadda mu ma ta share garken Fulani a nan ƙasar Hausa, ta karya makiyayan Masai, daji ya mamaye wuraren kiwonsu. Aka mai da Serengeti gandun daji na ƙasa a 1951, sannan a 1959 aka kwashe Masai daga cikinsa aka mai da su Ngorongoro. A wannan shekarar ce wani Bajamushe mai suna Bernhard Grzimek ya fitar da fim ɗinsa a kan Serengeti, shi ma ya ci Oska. Wato dai daji ma yana da tarihi, kuma sau da yawa tarihin mutanen da suka tashi ne suka bar wurin. Riƙe wannan a ranka, domin shi ne mabuɗin labarin Rugu.

YADDA GARURUWA SUKA ZAMA DAJI

Dajin Rugu ya taso ne tun daga wajen Jibiya a kan iyakar Nijar, ya biyo ta Batsari da Safana da Ɗanmusa har Ƙanƙara, ta yamma kuma ya faɗa Zamfara ta wajen Zurmi da Birnin Magaji. Wanda ya gan shi zai zaci tun fil'azal haka yake. Ina! Kafin tsakiyar ƙarni na 19 yankin nan ƙasa ce mai garuruwa da ganuwa da gonaki, ita ake kira ƙasar Ruma, kuma ta nan hanyar Katsina zuwa Zamfara ta bi. Baturen nan ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, da ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato a 1824, ta Zurmi ya biyo ya ɓullo Katsina a kan hanyarsa ta komawa.

Abin da ya sauya komai shi ne yaƙin da ya biyo bayan jihadi. A 1807 Katsina ta faɗa hannun Malam Ummarun Dallaje. Sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga bisani Ɗanƙasawa ya kafa sabuwar hedikwata a Maraɗi wajen 1819, suka ci gaba da kiran kansu sarakunan Katsina. Tun daga nan ƙasar Ruma ta zama tsaka-mai-wuya: gabas ga Katsina, arewa ga Maraɗi, kowanne na cewa nasa ne. A 1836 aka gwabza a Gawakuke, inda Sarkin Musulmi Bello ya ci Gobirawa da Maraɗawa da Azbinawa, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda. Amma wutar ba ta mutu ba. A farkon shekarun 1840 garuruwan yammacin Katsina suka yi tawaye suka bi Maraɗi. Sarkin Katsina Siddiƙu, wanda ya yi sarauta daga 1836 zuwa 1844, ya murƙushe tawayen, kuma hukuncin da ya biyo baya ya yi tsananin da garuruwa da ƙauyuka da dama suka watse. Wasu aka kashe, wasu aka kama, saura suka gudu. Gonaki suka zama saura, saura ta zama daji, itatuwa suka tsiro a cikin kufai. Shi kansa Siddiƙu bai daɗe ba Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi a 1844, har daga baya ya koma wajen waɗanda ya yaƙa.

Ka ga abin mamaki, mai karatu. Takobi ne ya shuka dajin nan. Da mutane suka tashi, namun daji suka gaje wurin. Har gobe dattawan yankin na ba da labarin giwa da ɓauna da gwanki da kura da zaki da kakanninsu suka sani a Rugu.

TAFIYAR ABDULKARIM

Akwai wani baƙo da ya ratsa yankin shekaru kaɗan bayan wannan ɓarna, ya kuma rubuta abin da ya gani. Shi ne Heinrich Barth, Bajamushen da ke yawo da sunan Abdulkarim. A watan Maris na 1853 ya bar Katsina zai je Sakkwato, tare da ayarin Galadiman Sakkwato. Saboda tsoron mayaƙan Gobir da Maraɗi ba su miƙe hanya kai-tsaye ba, sai suka yi kudu ta Kuraye da Kurfi, suka sauka Zakka, wadda yau take cikin Ƙaramar Hukumar Safana. Daga Zakka ne suka ɗaura ɗamara suka faɗa dajin, ana tafiya ana waige, har suka ɓulla Bunka da Zurmi.

Wannan ita ce “safari” ta gaskiya a ƙasarmu a wancan zamani. Matafiyi ba ya zaɓen hanya don kyawun wuri. Tambayarsa guda uku ce: ina ruwa, ina ganuwar da za a kwana a cikinta, kuma wace hanya maharan suka bi jiya? Shi ya sa ayari ke da madugu da jagaba, kuma mutum ɗaya ba ya shiga Rugu sai ya jira taro. Barth ya buga labarin tafiyarsa cikin littattafai biyar a 1857 da 1858, Turawa suka karanta sunayen Kurfi da Zakka tun kafin yawancinsu su taɓa jin sunan Serengeti.

Daga nan har ƙarshen ƙarnin, Rugu ya zama hanyar mahara. Sarkin Maraɗi Ɗanbaskore, wanda ya yi mulki fiye da shekara 20 har zuwa wajen 1875, ya sha ratso dajin ya kai hari cikin ƙasar Katsina da gaba da ita. A ƙarshen ƙarnin ne kuma aka yi mazajen da har yau makaɗa ke ambato, irin su Ƙaura Hasau na Maraɗi da Ɗanwaire na Ruma. Shi Ɗanwaire, ko kirarinsa ma da gwanki ake yi masa, wato naman dajin da ke shan harbi ya wuce. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka yadda dabbobin dajin suka shiga cikin harshen mutanen wurin. Sarautar Sarkin Ruma kuwa tana nan, ita ce ta hakimin Batsari, kamar yadda hakimin Safana ke riƙe da sarautar Yariman Katsina.

ZUWAN TURAWA DA ZAMANIN GANDU

A 1903 Turawan Ingila suka shigo Katsina, Faransawa kuma suka riƙe Maraɗi. Aka shata iyaka tsakanin 1906 da 1908, Katsina biyu suka faɗa ƙarƙashin tutoci biyu. Hare-hare suka tsaya. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, daga 1906 zuwa 1944, jama'a suka riƙa komawa suna sare daji suna kafa ƙauyuka, Fulani kuma suka sami makiyaya mai yalwa. Abin da ya rage na dajin hukuma ta killace shi a matsayin gandu, wanda a takardun gwamnati ake kira Ruma da Kukar Jangarai.

To a nan ne hanyar Rugu ta rabu da ta Yankari. Gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe Yankari a ƙasar Bauci don namun daji a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a Disamba 1962, aka gina masauki kusa da ruwan ɗumi na Wikki. Shi kuwa Rugu sai aka dube shi ta fuskar kiwo. A shekarun 1960 aka mai da yankin Runka wurin gwajin kiwon zamani tare da taimakon Amurka, aka yi madatsun ruwa da mashaya, sannan dokar keɓe makiyaya ta 1965 ta ƙarfafa tsarin. Ba laifi ba ne wannan, domin makiyayi ma yana da haƙƙi, kuma shanun yankin sun ciyar da kasuwannin Katsina shekara da shekaru. Matsalar ita ce riƙon. Bayan 'yan shekaru madatsun suka cike da yashi, ma'aikatan gandu suka ƙaranta, kuɗin kula da wurin ya ƙafe.

Sai fari ya zo a 1973, ya sake dawowa a 1984. Jama'a suka ƙaru, gona ta ci burtali, masu saran itace da masu gawayi suka shiga da motoci, bindiga ta maye gurbin kwari da baka. Manyan dabbobi suka yi ta ja da baya. Duk da haka, a shekarun 1980 da 1990 akwai garken giwaye da ke kai-komo tsakanin dajin Baban Rafi, kudu da Maraɗi, da dazuzzukan wannan gefen iyaka. Giwa ba ta san fasfo ba, tsohuwar hanyar kakanninta take bi. Da a ce a lokacin Nijeriya da Nijar sun haɗa kai sun tsare wannan hanya, watakila da yau labarin da muke bayarwa daban ne.

DAJIN DA YA KOMA GIDAN JIYA

Sauran labarin kowa ya san shi, domin a kan idonmu aka yi. Daji in hukuma ta bar shi, wani ne zai riƙe shi. Rikicin da ya kunno kai a Zamfara wajen 2011 ya bi dajin ya gangaro Katsina. Aka fara da satar shanu, aka koma satar mutane. Makiyaya na kukan an cinye masu burtali an kuma zalunce su a gaban alƙali da ɗan sanda, manoma na kukan an hana su gona an kashe masu 'yan'uwa, 'yan sa-kai suka shigo, ramuwar gayya ta bi ramuwar gayya. Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu da 'yan bindiga a Janairu 2017, ya sake yin wani a Satumba 2019, duka biyun ba su ɗore ba. A Fabrairu 2020 aka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A Afrilun shekarar aka kashe 47 a hare-haren da suka shafi Safana da Dutsin-ma da Ɗanmusa. A Disamba kuma aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara aka yi cikin dajin da su, aka sako 344 bayan kwana shida. A Satumba 2021 har layukan waya aka rufe a yankin. Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da askarawan tsaron al'umma a Oktoba 2023, sannan a 2025 al'ummomin Batsari da Jibiya da Safana suka yi nasu zaman sulhun da mutanen daji.

Dubi ikon Allah. Tambayoyi ukun da Abdulkarim ya yi a Zakka a 1853, su ne direban da ke ɗaukar fasinja daga Batsari ya koma yi bayan shekara 170: wace hanya aka tare jiya, ƙarfe nawa ya kamata a wuce, mu jira mu yi ayari ko mu tafi? Ƙauyuka sun sake zama kufai, mata da yara sun cika garin Batsari da birnin Katsina suna gudun hijira. Bambancin kawai shi ne a wancan karon dawaki ne, a wannan karon babura. Kuma a wancan karon ko ba komai dabbobi sun amfana, yanzu kuwa ba mutum ba dabba.

TO, INA ZA A JE?

Mu koma ga tambayarmu ta farko. Wanda ke da hali, ba wanda zai hana shi zuwa Serengeti ko Masai Mara ya ga ƙaurar dubban dabbobi, ko gandun Kruger na Afrika ta Kudu da aka kafa tun 1926. Gani ya kori ji. Amma in ya je, ya lura da abin da ya riƙe wuraren: masu gadi da ake biya albashi, hanyoyi, doka mai aiki. Kenya ta haramta farautar namun daji tun 1977. Wanda kuma aljihunsa bai kai can ba, ga Yankari nan, wanda ya koma hannun Jihar Bauci a 2006, yana da faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,200 da sauran giwayensa. A Nijar akwai raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, waɗanda su ne ragowar irinsu a duk Afrika ta Yamma. A tsakiyar shekarun 1990 ba su fi 50 ba, amma da aka tsare su tare da haɗin kan manoman wurin sai da suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a Jihar Maraɗi. Sai dai ko can ɗin ba a tsira ba, domin a Agusta 2020 'yan bindiga sun kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a Kure. Saboda haka duk inda za ka, fara tambayar mutanen wurin halin da hanya ke ciki. Mai son tarihi kuwa, a Jihar Katsina kaɗai ga hasumiyar Gobarau, ga rijiyar Kusugu a Daura, ga kaburburan Durɓi-ta-kusheyi a ƙasar Mani.

Darasin Kure shi ne abin da ya kusa ƙarewa yana iya dawowa in mutanen wurin suka ga amfaninsu a ciki. Rugu ma zai iya farfaɗowa, amma sai an fara da mutum: makaranta da asibiti da mashaya ga ɗan makiyayi, tsaro da adalci ga manomi, sannan a zo maganar itace da dabba.

Kira na na ƙarshe ga 'yan'uwanmu 'yan fim ne. Tun daga “Turmin Danya” a 1990 zuwa yau mun yi finafinai dubbai, mun gaji da nuna falo da lambu da rawa a gindin fulawa. Alhali tun 1976 Adamu Halilu ya nuna da fim ɗin “Shaihu Umar” cewa labarin tafiya da tarihi na iya zama fim ɗin Hausa na a-zo-a-gani. Ga labarin Siddiƙu, sarkin da ya ci yaƙi ya rasa gadon sarauta. Ga Ɗanwaire da Hasau. Ga ayarin Galadima da baƙon Bature a tsakiyar daji. Ga kuma labarin matar da ta baro ƙauyenta da goyo a 2020, tana bin sawun da kakar kakarta ta bi a 1840 da wani abu. Ba dole sai furodusa ya kai kyamara cikin dajin ba, lokeshin mai duwatsu da kuka bai yi mana ƙaranci ba. Abin da ke da gaggawa shi ne a je a zauna da dattawa da makaɗa da maharban Ruma da Runka da Zakka, a naɗi abin da ke bakinsu tun suna raye, domin da yawansu hijira ta riga ta warwatsa su. Turawa sun yi shekara 100 suna tallata dajin wasu har muka haddace shi. Namu kuwa, in ba mu ba da labarinsa ba, abin da jikokinmu za su sani game da Rugu shi ne adadin gawawwakin da aka karanta a rediyo.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mai da 'yan gudun hijira gidajensu lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.